Kwamfutar da Na Koya wa Cewa Lafiya Lau

Ƙofar Durbi,
Katsina.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, tunda sunan mahaifiyata kika ci. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki jiki ya saki, Ya tsare ki a zaune da tafe, Ya haɗa ki da mutanen kirki duk inda kika sa ƙafa, amin.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naki. To, kin san ni. In na zaunar da ke, ke kina sunkuye kina wasa da bakin mayafi, ni ina ta gyaran murya, ƙarshenta in ce Allah Ya yi miki albarka ki tashi, maganar kuwa tana nan a cikina ba ta motsa ba. Shi ya sa na rubuta, na ba innarki ta miƙa miki.

Ga maganar ba kwana-kwana. Asabar ake sa ran za ki kama hanyar Legas ki fara aikin rubuta furogiram na kwamfuta da kika samu. Ranar Talata kuma ciwonki na sikila ya tashi, kika ɓoye. Na gani, Ummi. Na ga yadda kika dafa bango kafin ki ɗauki buta, na ga rigar sanyi a jikinki da rana tsaka, na ga tuwo ya fito ɗakinki yadda aka shigar da shi. Da na ce ya jiki, kika ce, "Lafiya lau, Baba," har da murmushi. Na kuma san dalili. Tsoro kike in na sani in ce tafiya ta fasu. Ba ki yi kuskuren zato ba, don baffanki Sani ya riga ya same ni a zaure, ya ce, "Lawal, mi kake jira? Hana ta. Ɗiya mai wanga ciwo ba a kai ta inda ido bai kai." Na yanke hukunci, yana can ƙarshen takarda. Kada ki tsallaka ki leƙa, na san halinki na fara karanta furogiram daga gindi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni dai sai yanzu bakina ya buɗe, sai ki yi haƙuri ki bi ni a hankali.

Zan yi miki magana da sana'ar da ta haɗa mu, don a nan ne kawai ni da ke muke gardama ba kunya.

Shekarun da na yi a ɗakin kwamfuta na ma'aikata a zamanin soja, abu ɗaya muka ƙware a kai fiye da aikin kansa, shi ne ba a kai wa na sama mummunan labari. Na ƙasa ya ce an kusa, na tsakiya ya ce an gama, na sama ya ce madalla, kowa ya kwana lafiya da kujerarsa. Da mulki ya dawo hannun farar hula na ajiye aiki, ina ganin na bar wannan hali a can tare da makullin ofis. Ashe a aljihuna na taho da shi.

Kin tuna lokacin da Alhaji Sada ya buɗe gonar kaji a Batagarawa ya sayo injin ƙyanƙyasar ƙwai. Inji ne mai son ɗumi daidai wa daida, in ya huce ko ya zarce, ƙwai ya tashi aiki. Alhaji ya ce in yi masa dabarar da za ta riƙa gadin zafin. Na samo tsohuwar kwamfuta, na haɗa ta da wani ɗan akwati mai auna zafi, na rubuta ƙananan furogiram biyu da yaren Perl. Na farko ya tambayi akwatin, ya rubuta amsar a ƙarshen wani fayil. Na biyu ya karanta layin ƙarshe na fayil ɗin, in zafi ya kauce ya buga ƙararrawa a ɗakin Malam Iro, dattijon da ke kula da injin. Na kalli aikina na ce, kai, Lawal, Allah Ya yi maka kai.

Kin san halin yaren nan. In ka ce masa ya buɗe fayil ya kasa, ba zai ɗaga murya ba. Zai ajiye 'yar alama cewa bai iya ba, ya wuce layi na gaba abinsa, in ba ka tambaya ba shi ke nan ba ka ji ba. Don haka bayan kowane umarni sai ka ƙara da hannunka cewa in ka kasa, ka tsaya cik ka faɗi dalili. Na rubuta haka a wurin buɗe fayil. Na rubuta a wurin tambayar akwati. A wurin rufe fayil ban rubuta ba, don wa ke zaton rufewa za ta gagara? Alhali a wurin rufewar ne abin da ka rubuta yake sauka kan faifan ajiya. Faifan tsohuwar kwamfutar nan ya cika maƙil. Furogiram na farko yana ta rubutu a iska bai ce uffan ba. Na biyu kuma kullum ya duba sai ya ga tsohon layin nan mai kyau, ya koma ya zauna. A tsakanin nan wayar da ke ɗumama injin ta ƙone.

Ranar da ya kamata a ji kukan 'yan tsaki, mu uku muka tsaya gaban injin, ni da Alhaji da Malam Iro, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Malam Iro ya ɗauki ƙwai ɗaya ya fasa a hankali. Ɗan tsako ne cikakke, har da gashinsa da ɗan bakinsa, ya naɗe a mace. Ya fasa na biyu, haka. Na ce masa ya isa. Alhaji bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malam Lawal, ita ƙararrawar taka azumin magana ta ɗauka?"

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, a aikinmu lalacewar da ta yi ƙara 'yar uwarki ce, wadda ta yi shiru ita ce abokiyar gaba. Kada kuma ki dogara da ƙwaƙwalwarki wajen tuna duk inda ya kamata a tambaya. Wurin da kika raina nan za a ci ki, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan kuwa ba ni na gano maganinsa ba, ke ce. Kin dawo hutu daga jami'a kika tarar da ni ina bin layi ɗaya bayan ɗaya ina liƙa tambaya, gilashi a karan hanci. Kika ja kujera, kika ƙara layi guda a can sama da abin nan da ake kira Fatal, kika lissafa masa buɗewa da rufewa. Kika ce, "Baba, ai ba sai ka bi kowanne kana lallashi ba. Ka sa shi dole, in ya kasa ya jefo kuskuren da kansa." Na yi ta gunaguni cewa yaran zamani ba sa son wahala, amma a zuci daɗi ya kusa kashe ni. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar dai yarinya ce ta hango, tana zaune a kan kujerar roba.

Da a nan labarin ya tsaya da na fita da mutuncina. Amma bayan kin koma makaranta sai baƙi suka zo. Kin san yadda garin ya zama tun da siyasa ta dawo, kansiloli da masu neman zama kansiloli, kowa da babbar riga, ana zagaya gonaki ana ɗaukar hoto. Alhaji ya jawo wasu har ɗakin injin yana nuna musu kwamfutarsa mai gadi. Daidai nan wuta ta ɗan ƙifta, akwatin awo bai amsa ba, furogiram ya jefo kuskure ya tsaya, fuskar kwamfuta ta cika da ƙorafi, ƙararrawa ta kece. Wani mai jar hula ya tuntsire da dariya ya ce, "Alhaji, ko shi ma injin naka ya koma adawa ne?"

Bayan sun tafi Alhaji ya kira ni gefe, fuska ba annuri. Ya ce, "Malam Lawal, ko ɗiyan cikinka ba su hwaɗin ciwonsu gaban baƙi. Abin ga ya kunyata ni. Ka koya mashi ladabi."

Ni kuma, da tsohon halin ofis a aljihu, na ce an gama, ranka ya daɗe. Kin san yaren ya ba mu raga da za mu iya shimfiɗawa mu cafke kuskuren da aka jefo, don mu yi wani abu a kai. Sai na ɗauki raga ɗaya ƙatuwa na lulluɓe furogiram ɗin gaba ɗaya. Duk abin da ya faɗo ciki, babba ko ƙarami, na ce a share shi, a rubuta LAFIYA LAU da manyan baƙaƙe, a sake zagayowa. Wato layin da kika sa don a tilasta masa magana yana nan yana aikinsa, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa ina haɗiye maganar. Da na ba innarki labari ina alfahari, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba, ta ce, "To madalla, ka mai da shi ɗan gari. Ko gawa ke ɗaki sai ya ce da sauƙi."

Wata safiya na leƙa gonar. Kwamfuta ta gaishe ni da LAFIYA LAU, na ji daɗi. Ina juyawa sai na ga filogin akwatin awo a yashe a ƙasa. A gurbinsa an soka cajar wayar hannu, irin wadda ta shigo kwanan nan kowa ke rawar kai da ita. Direban Alhaji ne ya nemi wurin caji bai samu ba, ya zare wanda ya ga ba ya komai. Akwatin a mace, ba ya auna komai, kwamfuta kuwa sai gaisuwa take. Na ɗora hannu a jikin injin. Da ɗuminsa, Allah Ya rufa asiri. Amma ba dabarata ce ta tsare ƙwan nan ba, kuma da wayar ɗumi ta sake ƙonewa a kwanakin, haka za ta yi ta ce mana lafiya lau har mu fasa mu gani. Na zare cajar na mayar da filogin, na zauna a kan buhun dusa.

Ummi, ki ji wannan da kyau, don za a nema a wurinki. Wata rana a ofishinku za a ce manyan baƙi na zuwa, a rufe bakin furogiram kada ya ba da kunya. Ki ce za ki iya kawar da ƙorafin daga idon baƙo, wannan ladabi ne kuma ba laifi. Amma dole a rubuta shi a wani wuri, dole kuma ya isa kunnen wanda zai gyara. Kada ki cafke kuskuren da ba ki san maganinsa ba. In kin san abin yi, ki cafke ki yi. In ba ki sani ba, ki sake shi ya hau sama wurin wanda ya sani. Ragar da ke cafkewa ta yi shiru ƙarya ce aka rubuta da harshen inji, kuma wanda ya rubuta shi ne maƙaryacin. Ko za a ɗaure miki fuska, kada ki sa hannu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Tsoron da na ji a kan buhun dusa ya tura ni ɗaya gefen. Na yage ragar gaba ɗaya. Na ce kowane kuskure, ko na ƙiftawar wuta ne, a buga babbar ƙararrawa. Kuma duk bugu sai an aiko mini, in hau babur in taho a fusace, in tsayar da komai, in buɗe inji, in titsiye Malam Iro da tambayoyi kamar shi ya ƙona waya. Bayan wani lokaci sai ƙararrawa ta daina damun kowa. Na ce to, aiki ya zauna. Ranar da na hau kujera don in share mata ƙura, sai na tarar an cusa mata tsumma a ciki, tam.

Na sauko da tsumman a hannu na nufi Malam Iro. Bai ko musa ba. Ya ce, "Ni na sa, Malam. In ta buga don abin da bai kai ya kawo ba, ku taso mani kamar na kashe rai, ku buɗe inji iska ya shiga, ƙwai ya sha sanyi a banza. To in ji da kaji ko in ji da ku?"

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga ashe ba Malam Iro nake gani ba, ke nake gani.

Kina ƙarama ba kya ɓoye mini komai. "Baba, ƙafata." "Baba, bayana." Me nake yi in kin faɗa? Kin ci jarrabawar makarantar kwana, kika yi ciwo sati guda kafin tafiya, na ce an fasa. Aka zaɓe ki gasar makarantu a Daura, kika ce gwiwarki, na ce ba inda za ki. Bikin aminiyarki ma a ƙofar gida na sauke ki daga mota kina kuka, da lallenki da komai. Jami'a kuwa, ba don innarki ta tsaya da ƙafafunta ba, da yanzu kina ɗaki kina saƙa. Duk ranar da kika gaya mini gaskiya sai na karɓe miki wani abu. To wane mahaukaci ne zai ci gaba da faɗa? Ke kika cusa tsumman, amma ni na miƙa miki shi.

Ba don rashin so ba ne, kin sani. Tun da muka binne yayanki Kabiru da wannan ciwon, duk nishin da kika yi nasa nake ji. Tsoro ne ya yi mini yawa har na kasa bambance ƙiftawar wuta da gobara. Garin neman gira na kusa rasa ido, don yanzu ciwon yana tashi a gidana, a bayan bangona, ni ne na ƙarshen sani. Wannan ya fi Legas ba ni tsoro.

A gonar na gyara abin. Ƙaramin kuskure, furogiram ya sake gwadawa, ya rubuta, ya kunna 'yar fitila. Babba, ƙararrawa. Kuma na yi wa Malam Iro alƙawari gaban Alhaji cewa ba mai ƙara ɗaga masa murya don ta buga. Tun daga nan bai sake taɓa ta ba, 'yan tsaki kuma suna fita. Abin kunya ne a ce na gyara wa kaji tun tuni, ɗiyata kuwa sai yau.

To ga hukuncin. Za ki tafi. Na je har gida na gaya wa baffanki Sani, ya yi faɗansa ya gaji, na ba shi haƙuri, ban janye ba. Ba zan janye ba ko wa za a turo.

Amma da sharaɗi, kuma ba na wasa ba ne. Satin farko, kafin ki san hanyar kasuwa, ki san hanyar asibitin da ke duba masu sikila, ki yanki kati. A ofis ki zaɓi mutum ɗaya mai hankali ki gaya masa ciwonki tun kina lafiya, kada ranar da kika faɗi a tsaya ana yayyafa miki ruwa ana tambayar juna. In ya tashi, gwaggonki Binta da za ki zauna wurinta a Agege ita ce ta farkon ji, don ita ce kusa, ita ke iya sa ki a mota. Sai likita. Sai ni. Wayar hannu na cikin jakar da innarki za ta ba ki, na saya ne don wannan, ba don hira da ƙawaye ba, ko da yake na san ba za a fasa ba.

Kuma in kin kira, ki yi mini bayani irin wanda kike so furogiram ya yi miki. Ina ne ke ciwo, tun yaushe, ya kai yaya, me aka yi. "Da sauƙi" ki ajiye wa maƙwabta da masu zuwa dubiya, hakkinsu ne, al'adarmu ce, ban hana ba. Ni ba baƙo ba ne. Ki sha ruwa kamar an aiko ki, ki guji sanyin na'urar ofis, in aiki ya yi yawa ki ce ya yi yawa. Ba a ba kowa lambar yabo don ya mutu a kan kujera.

Ga nawa sharaɗin, wanda ya fi naki nauyi. Na yi miki alƙawari, Allah ne shaida, duk ranar da kika kira kika ce ciwo ya tashi, ba zan ce ki dawo gida ba. Ko na ji kina kuka. Ko daga gadon asibiti kike magana. Zan tambaye ki me kike buƙata, in yi shi. In kin ce Baba zo, motar farko za ta ganni. In ba ki ce ba, zan zauna a Ƙofar Durbi in shimfiɗa buzu in kai ƙara inda ake kaiwa. Ranar barin aikin nan, in ta zo, ke za ki faɗe ta, ba ni ba.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji, Ummi. Wallahi tsoro nake ji, kuma ban amince da bakina ba. Shi ya sa na gaya wa innarki, duk ranar da muke waya ta ji harshena ya kama hanyar cewa "dawo", ta fizge wayar daga hannuna ko a gaban wa. Ta ce shekara da shekaru take jiran wannan izini.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki shiga garin da ƙafar dama. Allah Ya sassauta miki ciwon nan, Ya sa kaffara ne, Ya ba ki ƙarfin faɗinsa in ya zo, ni kuma Ya ba ni ƙarfin ji. Allah Ya yi wa aikinki albarka, Ya tsare miki mutuncinki da addininki, Ya sada mu da alheri. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe wa tsohon nan makarantar kwana da Daura da bikin da ya hana ki.

Ki ɗaure kayanki da wuri. Asabar ni zan ɗauki akwatinki zuwa tasha, kuma ba na son wani ya taya ni.

Wassalam.

Mahaifinki,
Lawal